WAIWAYE: Daminar 1990 a Jos da magungunan da aka hana bayan sun ci rayuka



A shafinmu na tarihi yau za mu waiwayi wani abu da ya faru a nan garin Jos. Yawancin matasanmu ba su taɓa jin labarinsa ba, amma akwai iyayen da har gobe ba su manta ba.

Daga watan Yuni zuwa Satumba na 1990, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ke yawan kama yara, aka riƙa kawo ƙananan yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, lokacin yana tsohon mazauninsa na titin Murtala Mohammed. Ciwon nasu iri ɗaya ne: zazzaɓi, amai, gudawa, sai fitsari ya ɗauke ɗif, wasu har da jijjiga. Yara 47 suka rasu a wannan asibiti kaɗai. Da aka haɗa da na Ibadan, adadin ya kai 109.

Da likitoci suka bi diddigi, sai aka gano duk yaran sun sha farasitamol na ruwa. Shi farasitamol ɗin ba shi da laifi. Matsalar tana cikin ruwan da aka narkar da shi. Maimakon sinadarin da aka saba amfani da shi, sai aka zuba wani mai suna dayitilin gilaikol, irin wanda ake sawa a man birki. Ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, ga araha, amma yana kashe ƙoda cikin kwanaki kaɗan. Uwa ta ga jikin ɗanta ya ƙi sanyi, ta ƙara masa cokali, ba ta san guba take ƙara masa ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu ladan haƙuri.

Abin takaicin shi ne duniya ta riga ta san wannan guba. A 1937 ta kashe mutum sama da 100 a Amurka a cikin wani maganin ruwa, abin da ya sa aka yi dokar 1938 da ta wajabta gwada lafiyar magani kafin a sayar. Mu kuwa sai da muka binne namu. Wannan musiba tana cikin manyan dalilan da suka sa gwamnatin soja ta kafa hukumar NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993. Lambar nan da kuke dubawa a jikin kwalin magani, da rayukan yara aka saye ta, cikinsu har da yaran Jos.

Duk da haka abin ya sake dawowa. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda aka yi a Legas, ya zo da wannan guba. Yara 84 suka rasu, ciki har da na Zariya. Aka janye shi daga kasuwa, a 2013 kuma Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya ta irin wannan hanya.

Waɗannan gurɓacewa suka yi. Akwai kuma magungunan da illar tana jikinsu, mu kuma muka saba da su har muka ɗauke su 'yan gida. Wa zai manta da analjin da Novalgin? Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya biya kemis a tsira masa allura. A jikin wasu mutane maganin yana rushe ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, ƙaramin ciwo sai ya zama ajali. Amurka ta janye shi tun 1977, NAFDAC ta hana shi a 2005. Haka allurar jentamaisin mai ƙarfin 280, wadda aka hana a 2010 saboda tana kurmantar da mutum tana lalata ƙoda. Sai maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC ya nuna yadda ya cinye matasa da matan aure a Arewa.

In kun lura, babu ɗaya daga cikinsu da aka hana kafin ya yi ɓarna. Kullum kabari ne ke riga doka zuwa. Kuma dokar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta zuwa da ƙafarta ta kwashe kwalba daga kantar kemis a Gangare ko Unguwar Rogo. Muddin akwai mai tambaya, za a sami mai sayarwa a bayan kanta. Saboda haka kalmar "ai da shi muka saba" ba hujja ba ce.

Roƙonmu ga 'yan uwa, musamman iyaye mata, guda uku ne. Kada a sayi maganin ruwan da aka ɗura a kwalba ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, komai arhansa. Kada a matsa wa mai kemis ya nemo abin da aka hana, ko a ce sai allura ce magani. Idan kuma yaro ya sha magani aka ga ya wuni bai jiƙa zane ba, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti, a tafi da kwalbar, domin da ita za a ceci yaron maƙwabci.

Iyayen 1990 ba su da wanda ya gargaɗe su. Mu an gargaɗe mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Amin.

Sakataren Ƙungiya