Chalawa: Wa ke biyan kuɗin zubar da dagwalo a Kano?

A manyan birane da dama na duniya, takardar kuɗin ruwa kan zo wa magidanci da kaso biyu: na ruwan da ya shigo masa ta famfo, da na ƙazamin ruwan da ya fita daga gidansa. A Kano dai kaso na farko kawai aka sani, domin birnin ba shi da babban bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gidaje baki ɗaya.

Wannan ba ya nufin kyauta ake zubar da ita. Magidanci ne ke haƙa masai ko sokawe, shi ne kuma ke biyan motar da za ta kwashe idan ya cika. Ruwan wanka da na wanki kan bi kwata ya faɗa lambatu, tare da ruwan sama.

Masana'antu

Inda batun ya fi tsanani shi ne rukunan masana'antu uku na birnin: Bompai, wanda ya faro tun zamanin Turawa, sai Sharaɗa da Chalawa da suka biyo baya. A nan ne manyan kamfanonin jima suke, tare da na masaƙa da na robobi da na abinci.

Jimar zamani ta sha bamban da ta bagaruwa da majema suka gada. Tana cin ruwa mai yawa, ana kuma amfani da gishiri da farar ƙasa da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka.

Dagwalon Bompai kan bi rafin Getsi ya haɗe da Jakara har zuwa madatsar Wasai. Na Sharaɗa kan bi rafin Salanta, sannan shi da na Chalawa su ƙare a kogin Chalawa. Daga wannan kogi ne aka fara ba Kano ruwan famfo a farkon shekarun 1930, kuma a gaɓarsa manoman rani ke shuka latas da albasa da tumatir. Idan ya haɗu da kogin Kano, sai ruwan ya nausa ta Wudil zuwa Haɗeja.

Wato dai wani ɓangare na kuɗin da masana'anta ba ta kashe ba wajen tace ruwanta, manomi da masunci ne ke biyansa, haka ma hukumar ruwan sha da za ta ƙara magani kafin ta tura wa jama'a.

Me doka ta ce?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora gina magudanan ruwa da kwashe ƙazanta da shara a wuyan ƙananan hukumomi. Wata doka ta 1998 kuma ta ba su ikon karɓar kuɗin wannan aiki, da harajin gidaje. Sai dai ƙananan hukumomi takwas ne suka raba birnin Kano da kewayensa, ruwa kuwa bai san iyaka ba. Chalawa na cikin Kumbotso, Bompai na cikin Nasarawa. A aikace, gwamnatin jiha ce ke yin manyan ayyukan, kamar rufe rafin Jakara da aka soma a wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, yayin da hukumar REMASAB ke kula da shara.

Dagwalon masana'antu kuwa ya shiga hurumin tarayya. An kafa hukumar FEPA a 1988, bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko, kuma a 1991 ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. An kafa NESREA a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da kamfanonin fata.

Waɗannan ƙa'idoji iyaka suka gindaya da tara, ba farashi ba. Tara sai an kama mai laifi. Farashi kuwa kowane wata ake biya.

Yadda ake yanka farashi

A inda ake da irin wannan tsari, akan fara ne da lissafin abin da hukuma za ta kashe a shekara wajen yashe magudanai da gyara da tacewa, sannan a raba wa masu amfana. Rabon ne ke jawo taƙaddama.

Ga gidaje, akan dubi yawan ruwan famfon da mita ta nuna. Wannan ma'auni zai yi wuya a Kano, inda gidaje masu yawa suka dogara da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa.

Ga ruwan sama, yawancin garuruwan Jamus kan auna faɗin rufi da daɓen siminti da ke hana ruwa nutsewa, tsarin da birnin Filadelfiya na Amurka ya fara komawa gare shi a 2010. A irin wannan lissafi, sito mai faɗin rufin kwano a Sharaɗa zai biya ninkin abin da gidan ƙasa a cikin ganuwa zai biya.

Ga masana'antu kuma, Ingila na amfani da lissafin da ake kira Mogden, wanda ke haɗa yawan dagwalon da ƙarfin ƙazantarsa. Wanda ya tace nasa kafin ya saki, kuɗinsa zai ragu.

Misalin da ya fi kama da Chalawa shi ne Kanfur ta Indiya, garin jima da ke bakin kogin Ganges. A 1987 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin rufe majemun da ba su da matatar farko, daga baya aka gina musu matata guda ta haɗin gwiwa a unguwar Jajmau. Duk da haka an ɗauki shekaru ana jayayya kan kason da masu kamfanoni za su riƙa biya, yayin da dagwalon da suke fitarwa ya zarce abin da matatar za ta iya ɗauka.