Zaɓen Indiya na 1977: Yadda Indira Ta Toshe Kunnenta da Hannunta

Yawancinmu ta fim muka fara sanin Indiya. Tun muna yara muka haddace fuskokin jarumanta, muka riƙa rera waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba. Amma akwai wani fim guda da ya shiga tarihin siyasar ƙasar ta hanyar da ba kowa ya sani ba. A watan Fabrairun 1977, ranar da 'yan adawa suka kira babban gangami a filin Ramlila da ke Delhi, sai gidan talabijin na gwamnati ya sa fim ɗin Bobby, na Rishi Kapoor da Dimple Kapadia, don mutane su zauna a gida. Dabarar ba ta ci ba, filin ya cika maƙil. Bayan makonni shida jam'iyyar Congress, wadda ta mulki Indiya tun samun 'yancin kai a 1947, ta faɗi zaɓe a karon farko.

Kafin mu fahimci wannan faɗuwa sai mun koma baya kaɗan. A zaɓen 1971 Indira Gandhi ta yi kamfe da alkawarin kawar da talauci, jam'iyyarta ta samu kujeru 352 a majalisar wakilai, wato Lok Sabha. A ƙarshen shekarar Indiya ta ci Pakistan da yaƙi, aka kafa Bangladesh. Babu ɗan siyasar da ya kama ƙafarta a lokacin. Sai dai mutumin da ta kayar a mazaɓarta ta Rae Bareli, Raj Narain, ya garzaya kotu. Ranar 12 ga Yunin 1975 alƙali Jagmohanlal Sinha na babbar kotun Allahabad ya soke zaɓenta, saboda ta yi amfani da ma'aikatan gwamnati wajen kamfe, ya kuma hana ta riƙe muƙamin zaɓe na shekara shida.

Hukuncin ya zo a lokacin da ƙasar ke fama da tsadar rayuwa da yajin aiki, ga tsohon ɗan gwagwarmaya Jayaprakash Narayan yana jagorantar zanga-zanga. A daren 25 ga Yuni shugaban ƙasa Fakhruddin Ali Ahmed ya sa hannu kan dokar ta-ɓaci bisa shawararta. A daren aka yanke wutar lantarki a titin da manyan jaridun Delhi suke, aka kuma fara kwashe jagororin adawa: Narayan, Morarji Desai, Atal Bihari Vajpayee, L. K. Advani da sauransu. Cikin wata 21 da dokar ta yi tana aiki an tsare mutum fiye da dubu 100 ba tare da shari'a ba.

Duk labarin da za a buga sai jami'in tacewa ya duba. Jaridar Indian Express ta nuna adawarta ta hanyar barin gurbin sharhin edita fari fat. An hana fim ɗin Aandhi saboda jarumarsa ta yi kama da firaminista. Mawaƙi Kishore Kumar ya ƙi yin waƙa a taron matasan jam'iyya, sai aka daina sa waƙoƙinsa a rediyo da talabijin na gwamnati.

Abin da ya fi ƙona ran talaka shi ne aikin ɗanta Sanjay, wanda bai riƙe kowane muƙamin gwamnati ba amma maganarsa ta zama doka. An ɗora wa malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya adadin mutanen da dole su kawo a yi musu tiyatar hana haihuwa, wanda ya gaza a riƙe albashinsa. A shekarar kuɗi ta 1976 zuwa 1977 an yi wa mutum kusan miliyan 8 wannan tiyata. A wasu ƙauyukan arewacin ƙasar maza kan kwana a gona idan suka ji ƙarar mota. A Afrilun 1976 kuma aka rushe gidajen talakawa a unguwar Turkman Gate da ke tsohon birnin Delhi, wadda yawancin mazaunanta Musulmi ne, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu turjiya.

To me ya sa mai irin wannan iko ta kira zaɓe? An riga an gyara kundin tsarin mulki a 1976, an tsawaita wa'adin majalisa, babu abin da ya tilasta mata. Duk da haka ranar 18 ga Janairun 1977 ta sanar da cewa za a yi zaɓe a watan Maris, aka fara sakin fursunonin siyasa. Masana tarihi da dama sun ruwaito cewa rahotannin da jami'an leƙen asiri suka kai mata sun nuna za ta yi nasara cikin sauƙi.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan cuta. Idan manhaja ta cika fitar da saƙon kuskure, akwai hanyar raggo: ka rubuta layi biyu da za su haɗiye saƙon, allo ya yi tsaf, shugabanka ya yi murna. Kuskuren yana nan yana cin bayanai a ɓoye, kai ne kawai ka daina ganinsa. Jarida da majalisa da taron adawa su ne wuraren da gwamnati ke karanta kurakuranta. Indira ta rufe su duka, saura jami'an da ci gabansu ya dogara da faɗa mata abin da take son ji. Shirun da ta ƙaƙaba wa mutane shi ta ɗauka yarda.

'Yan adawa sun fito daga kurkuku babu kuɗi, babu lokaci. Cikin kwanaki jam'iyyu huɗu masu aƙidu mabambanta suka dunƙule a jam'iyyar Janata. Ranar 2 ga Fabrairu Jagjivan Ram, babban minista kuma jigon al'ummar Dalit, ya fice daga Congress ya haɗa kai da su. Da yake masu zaɓe da yawa ba su iya karatu ba, alama ce ke magana a takardar ƙuri'a: saniya da ɗan maraƙinta ga Congress, manomi riƙe da garma ga Janata.

An kaɗa ƙuri'a daga 16 zuwa 20 ga Maris, kusan kashi 60 cikin 100 na masu rajista suka fito. Cikin kujeru 542, Janata ta samu 295, Congress ta tsira da 154. A jihar Uttar Pradesh mai kujeru 85 da Bihar mai 54, Congress ba ta samu ko ɗaya ba. Raj Narain ya kayar da Indira a Rae Bareli da ratar ƙuri'a kusan dubu 55, Sanjay ma ya sha ƙasa a Amethi. A kudu kuwa, inda tilascin tiyatar bai yi tsanani ba, Congress ta kwashe 41 cikin 42 a Andhra Pradesh, da 26 cikin 28 a Karnataka. Taswirar sakamakon ta bi sawun wuraren da aka fi shan wahala.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tuna da shi. An janye dokar ta-ɓaci ranar 21 ga Maris, Indira ta sauka, sojoji ba su fito ba. Ranar 24 ga Maris aka rantsar da Morarji Desai, yana da shekara 81, watanni biyu bayan fitowarsa daga tsare.

Janata ba ta daɗe ba. Ƙin Indira ne kaɗai ya haɗa su, da ta tafi sai rigimar shugabanci ta kunno kai. Gwamnatin ta wargaje a Yulin 1979, a Janairun 1980 kuma masu zaɓen da suka kori Indira suka dawo da ita da kujeru 353. Amma kafin su watse sun yi aiki ɗaya mai ɗorewa. Gyaran tsarin mulki na 44, a 1978, ya ce hargitsin cikin gida bai isa dalilin dokar ta-ɓaci ba sai tawaye da makamai, kuma dole majalisar ministoci ta ba shugaban ƙasa shawarar a rubuce. Tun daga 1977 ba a sake ayyana irin wannan doka a faɗin ƙasar ba.

Mukan ji ana cewa talaka marar ilimi ba ya damuwa da 'yanci, tuwo kawai yake nema. Manoman Uttar Pradesh da Bihar sun amsa wannan zance. Sun yi shiru wata 21 saboda magana na kai mutum kurkuku, suka ajiye abin a ransu, ranar da aka miƙa musu takarda suka dangwala a kan garma. Duk mai mulkin da ya ga jama'arsa sun yi tsit, ya tambayi kansa wa ya rufe musu baki, kuma wa ya rage da zai iya faɗa masa gaskiya kafin ranar ƙuri'a.