Tsohon inji, sabon shago

'Yan uwa, a wannan biki mu tuna tushen gyaran motocinmu. A 1972 jami'ar kimiyya ta Kumasi ta buɗe cibiyar tallafa wa masu sana'a, wadda ta riƙa shigo wa maƙeran Suame tsofaffin injunan sassaƙa ƙarfe daga Ingila. Shirin GRATIS na 1987 ya kawo aikin Tamale da Bolga. Ba a sauke inji a kunna nan take. Sai an goge tsatsa, an kafa shi daidai kan daɓen siminti, an ja masa wuta mai layi uku. Injin da ya karkace, karkataccen ƙarfe zai fitar, motarmu ta albasar Bawku ta kwana a hanya. Mai buɗe shago a Navrongo ya fara da daɓe.