Jirgin Larabawan Da Aka Ɗinka Da Igiya

Yau cikin teku za mu shiga, kusa da wani tsibiri mai suna Belitung a ƙasar Indonesiya.

A shekarar 1998 wasu masunta masu nutso suna neman wata 'yar halittar ƙasan teku da ake ci a Asiya, sai suka ci karo da tarin kwanukan tangaran a zurfin da bai kai mita 20 ba. Ashe jirgin ruwa ne kwance a wurin tun wajen shekarar 830. Ta yaya aka san shekarun? A jikin ɗaya daga cikin kwanukan an rubuta kwanan wata da ya yi daidai da 826. Lokacin daular Tang ke mulkin ƙasar Sin, a Bagadaza kuma Halifa Ma'amun ke kan karaga.

To ga abin mamakin. Kayan na Sin ne, amma jirgin ba nasu ba ne. Tsawonsa kimanin mita 18, kuma ba da ƙusa aka haɗa katakonsa ba. Huda shi aka yi aka ɗinke da igiyar zaren kwakwa, irin ƙirar da aka san Larabawa da Farisawa da ita a tekun Indiya. Da aka gwada katakon, sai aka ga yawancinsa itacen Afirka ne, irin wanda mu ke kira kawo. Kun ji fa: itacen Afirka, ƙirar Larabawa, kayan Sin, a ruwan Indonesiya.

An fito da kaya kusan 60,000, mafi yawansu kwanukan da aka gasa a Changsha. An jera su ne cikin manyan randuna, kwano kan kwano, shi ya sa da yawa suka fito garau bayan shekara fiye da 1,100. Akwai kofin zinariya, akwai akwatunan azurfa, akwai faranta uku masu zanen shuɗi da fari waɗanda suna cikin mafi daɗewar irinsu da aka samu ba su fashe ba.

Me wannan ya nuna? Marubutan Larabawa sun daɗe da ba da labarin fataken da ke tashi daga Basra da Siraf su je har Guangzhou. Amma labari daban, gani da ido daban. Ga shi kuma ba alharinin sarakuna kaɗai ake ɗauka ba. Dubban kwanuka iri ɗaya, ai wannan sari ne, kayan kasuwa na masu matsakaicin hali. Kuma duk wannan kusan shekara 670 kafin jirgin Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498.

Sai dai akwai rigima. Ba jami'a ce ta tono jirgin ba, kamfanin kasuwanci ne mai suna Seabed Explorations, da izinin gwamnatin Indonesiya, a 1998 da 1999. A 2005 aka sayar wa Singafo kayan a kan dala miliyan 32. Da cibiyar Smithsonian ta Amurka ta shirya baje kolinsu, masana kayan tarihi suka tayar da ƙura, har aka dakatar da shirin a 2011.

Hujjarsu ita ce, kwano shi kaɗai ba ya ba da labari. Inda aka same shi, da abin da ke gefensa, da yadda aka jera shi, nan ilimin yake. In aka kwashe cikin gaggawa ba a rubuta komai dalla-dalla ba, wannan ilimin ya tafi har abada, don ba a tono wuri sau biyu. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ma ta hana mayar da irin waɗannan kaya hajar sayarwa.

Masu kare kamfanin kuma suka ce, ruwan ba zurfi, an riga an fara wawushe kayan, da an tsaya jira da ba a tarar da komai ba. Kuma ba a yi gwanjonsu ɗaya-ɗaya ba, suna nan tare a gidan tarihi na Asian Civilisations Museum a Singafo. Daga abin da aka nazarta a jikin jirgin ne ma Oman ta ƙera irinsa, Jewel of Muscat, ya yi tafiya da iska har Singafo a 2010.

Ni dai a ganina, an tsirar da kayan, amma an yi asarar wani sashe na labarin, kuma matsalar ta faro ne tun daga rashin kuɗin tsaron wurin da na bincike. In ƙasa ba ta da halin kula da tarihinta, mai kuɗi ne zai yanke mata hukunci.

Ku fa, da ku ne gwamnatin Indonesiya a 1998, za ku ba kamfanin izini ko za ku jira? Ku faɗa mana ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.