Wane Kwas Aka Ba Ka?

Duk yaron da ya samu gurbi a jami'a, ɗan Yako ne ko na Ƙiru ko Tudun Wada, tambaya ɗaya ke jiransa a gida: "Wane kwas aka ba ka?" Ba a cewa wanne ka zaɓa. Masu tambayar kuwa ba su yi kuskure ba, don JAMB da jami'a ke rabon. Mai neman likitanci sai ya tsinci sunansa a sashen nazarin tsirrai, a ce ya yi haƙuri, wataƙila ya samu canji a aji biyu.

Kwas da digiri duk aro ne daga Turanci. Amma da aka zo raɗa wa babban rukunin sassa suna, sai aka waiwayo gida aka ɗauko tsangaya: Tsangayar Shari'a, Tsangayar Aikin Gona. Asalin tsangaya bukkokin kara ne a bayan gari inda gardawa ke haddar Alƙur'ani, kuma gardi kan yi sallama da wannan alaramma ya nausa gabas wurin wancan. A makarantar zaure sakewar ta ma fi haka. Ɗalibi ya ɗauki Risala wurin malamin fiƙihu bayan asuba, da la'asar ya kai Ajuruma wurin na nahawu, in ya sauke littafi ya shawarci malaminsa kan wanda zai sa gaba. Manhajarsa a hannunsa take. Jami'a ta ari sunan, ta bar halin.

Makarantar Gallatin ta Jami'ar New York a Amurka, wadda ta faro a 1972, kusan tsarin zauren take bi: ɗalibi da malami mai ba shi shawara su tsinto darussa daga fannoni daban-daban, ɗalibin ya sa wa karatunsa suna da kansa. A nan da wuya irin wannan karatu ya tsira daga a kira shi haɗin gambiza, don mai ɗaukar aiki sunan da ke kan takardar shaida yake dubawa. Kiransa "digirin haɗaka" ma bai kama ba, ya fi dacewa da fanni biyu da jami'a ta haɗa da kanta.

Alhali buƙatar a fili take. Matashin Bebeji da ya tashi kusa da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, in yana son fahimtar noman rani sai ya san ruwa, ya san ƙasa, ya san farashin tumatir, ya kuma san dokar filaye. Tsangaya huɗu ke nan, kowacce da ƙofarta.

A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da manhajar CCMAS: kashi 70 nata, kashi 30 na kowace jami'a. To, Jami'ar Bayero da ta Aliko Dangote da ke Wudil, ku gutsura wa ɗalibi wani abu daga cikin talatin ɗin nan ya tsara da kansa.