Daga Rajistar Haraji Zuwa Rumbun Bayanai

A wannan mako za mu leƙa Beli ta ƙasar Rogo, mu bi tarihin yadda ake rubuta sunan talaka a littafin hukuma.

A zamanin En'e, a Beli kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, mai unguwa ne ya san kowane magidanci. Shi zai faɗa wa dagaci, malamin haraji ya rubuta, a kai wa hakimi, kuɗi su wuce baitulmali. Rajistar nan ita ce rumbun bayanai na wancan lokaci: suna a layi ɗaya, kuɗi a gabansa. Matsalarta ita ce ba ta amsa tambaya. In kana son sanin mutum nawa ne ba su biya ba, sai ka buɗe shafi-shafi kana lasar yatsa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma buƙatar lissafa mutane ba ta tafi da su ba.

Can a Amurka kuwa, a 1970, Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Daga nan aka samar da SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi. Manhajar dBASE ta kawo aikin kan ƙaramar kwamfuta a farkon shekarun 1980, sai Microsoft Access ta biyo a 1992. Yau akwai irin su DBeaver da pgAdmin, ka buɗe jadawali, ka tace, ka gyara.

Abin ya iso karkararmu gadan-gadan a Janairun 2011, lokacin da INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta baza kwamfutocin tafi-da-gidanka zuwa mazaɓu, aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Sama da mutum miliyan 73 aka yi wa rajista. Bayan tacewa da cire maimaici, rajistar zaɓen 2015 ta tsaya a kusan miliyan 68.8.

Ga inda abin ya shafe mu. Mai unguwa ya san Mamman da Muhammadu da Muhammad mutum ɗaya ne, har ya san gonarsa. Kwamfuta ba ta sani ba. In ka ce ta nemo Ɗanladi, tana iya tsallake Danladi, domin a wurinta ɗ da d baƙaƙe ne mabambanta, kuma gaskiyarta ce. Mu ne muka yi sakaci da lanƙwasa, har wasunmu ke rubuta littafi guda ba ƙ ko ɗaya. Shi ya sa za ka ga dattijo ya biya kuɗin mota daga Beli zuwa birni, ya wuni a layi, don kawai sunan da ke katinsa na banki ya saɓa da na katin ɗan ƙasa da harafi ɗaya.