Tirafil

tirafil (suna, namiji). Ɗan curin alawar cakulan mai laushi, girmansa bai wuce goruba ƙarama ba, wanda ake mirgina shi cikin garin koko. Asalinsa Faransa. Ya ci sunan wani naman kaza mai tsada da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, don sun yi kama.

Ana ɗumama kirim ɗin madara, a zuba kan yankakken cakulan mai duhu, wajen awo biyu na cakulan ga awo ɗaya na kirim, a juya a hankali har ya yi sheƙi. Idan ya huce ya daskare a firji, sai a mulmula da sauri, don zafin tafin hannu kaɗai yana narkar da shi.

*Na lemu:* a goga saman ɓawon lemu kawai, a zuba cikin haɗin cakulan. Farin cikinsa ɗaci ne da shi.

*Na manya:* a Turai sukan zuba barasar lemu irin su Grand Marnier ko Cointreau. Bayan an sauke daga wuta ake zubawa, saboda haka barasar tana nan daram, ba a ba yara. Musulmi kan sa ruwan lemu da aka tafasa ya yi kauri a madadinta.